Walda a Ƙarƙashin Fenti

Ranar kasuwar Bodinga Maniru mai gyaran keke ya fara ganin Safinatu. Hanyar masu atamfa ta tambaya, ya nuna mata, ya manta da tayar da yake faci. Kafin wata huɗu, duk Dandin Mahe, garinsu Safinatu, an san abin da ke kawo shi kowace Juma'a da gogaggiyar riga.

Mahaifinta, Malam Bawa, ya daɗe yana marmarin tsohon baƙin keke ƙirar Ingila, irin wanda ya hau yana saurayi. Amininsa Alhaji Ashiru ya kawo masa ɗaya na sayarwa, sai aka ce Maniru ya duba.

Ya kifa keken, ya nemi lambar da ake bugawa a ƙarƙashin sirdi, an goge ta. Tambarin gaba kuwa da sabbin ƙusoshi aka kafa shi. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen tsakiya, ƙarar ta mutu a wuri guda. Ya kankare da farce, sai ga walda.

Da gefe ya ja tsohon, da shi ke nan. Amma Maniru in ƙarfe na hannunsa ba ya ganin mutane. A gaban dattawa shida ya ɗago.

"Baba, wanga keke ya taɓa karyewa. Kada ku saye shi."

Alhaji Ashiru ya kaɗe rigarsa ya miƙe.

"Aminina na shekara arba'in kaka kunyatawa ƙofar gidana?" in ji Malam Bawa. "Tashi! Kada in ƙara ganin ka."

Nan take ya sayi keken, don ya wanke fuskar amininsa.

Washegari saƙon Safinatu ya shigo wayar Maniru: "Nawan, ka zo ka ce kuskure ka yi, kalma ɗaya ce. Hamza ɗan Alhaji ya fara aiko gaisuwa. Na gaji da kuka."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa: "Hasken idona, in na ce lafiya lau ne, Baba zai ɗora buhun albasa ya hau. Ki hana shi hawa, ko da ba zan same ki ba."

Wata uku wayarsa shiru. Maniru ya rame, ya daina goge riga, ya fid da rai ƙwarai.

Wata ranar kasuwa sai ga Malam Bawa daga tasha yana tura keken. Ya jingine shi a rumfar Maniru, ya ɗora yatsa daidai kan waldar.

"Ko sau ɗaya ban hau shi ba," ya ce a hankali. "Kullum na ɗaga ƙafa sai in ji muryarka. Ka tahi ka ba Ashiru haƙuri, shi ma cutar shi anka yi. Sannan ka turo manyanka."

Maniru ya durƙusa ya yi godiya.

Ranar ɗaurin aure, bayan Maniru ya sake wa keken ƙarfe, a kansa Malam Bawa ya tafi masallaci, Alhaji Ashiru na zaune a baya yana riƙe da hularsa. Allah Ya ba su zaman lafiya.