Ɗan Ketu Da Mayaƙan Papa

Ranar da Huefa ta fara ganin Adechina, tsaki ta ja. Ta daɗe tana zana mayaƙa mata na tsohuwar daular Danhome a ɗan kamfaninsu da ke Kotonu, inda suke haɗa wasan yaƙi na waya: kowa ya riƙi daula guda, ka yi naka motsi, abokin karawarka ya yi nasa. Sai ga wannan ɗan Ketu da aka ɗauka don daidaita ƙarfin rundunoni, hannunsa duk maiƙon kifi, ya zauna ya zabge wa mayaƙanta ƙarfi.

"Wa ya aike ka?" ta ce.

"Matan nan naki suna cinye mahayan Oyo kafin mutum ya gyara zama. Wa zai ƙara zaɓar wata daula?"

"Je ka wanke hannu tukuna, ƙazami."

Washegari ya zo da sabulu a aljihu yana nuna mata. Daga faɗa aka koma cin abinci tare, har wata rana saƙonsa ya shigo: "Janar ɗina, na rage wa sojojinki ƙarfi, amma ke kin ci garina ba ko soja ɗaya." Ta yi tsaki, sannan ta sake karantawa.

Matsalar ita ce mahaifinta, Papa Kpadonu, tsohon malami ɗan Abome, tsohon babban birnin Danhome, wanda kullum da yamma yake buga wasan da abokansa a gindin mangwaro, kuma bai taɓa zaɓar wata daula ba sai Danhome.

"Shi ne ya mai da mini mayaƙa kamar kaji?" ya ce, ranar da ta kai masa zancen Adechina. "Ramuwar kakanninsa yake yi, don Danhome ta taɓa cin Ketu da yaƙi. Ba zai auri 'yata ba."

Nan Gildas ya samu ƙofa. Abokin aikinsu ne mai turare mai hawa kai, ya jima yana bin Huefa. Ya lallaɓa ya saka wa Papa wani kwafin wasan a waya wanda mayaƙan Danhome ba sa mutuwa, Papa kuwa ya shiga kiransa ɗana. Huefa ta gane abin da aka yi, sai tsoron rasa Adechina ya sa ta roƙe shi.

"Masoyi, ka mayar musu da ƙarfinsu mana, ko don Papa."

"Janar, ba zan yaudari mahaifinki don in same ki ba."

"Ashe lambobinka sun fi ni."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ya rubuto: "Fushinki ma ya fi ƙarfi, shi ne kawai na kasa daidaitawa." Ta karanta, sai kuka.

Wata yamma ta tarar da Papa shi kaɗai a gindin mangwaro, kujerun abokansa duk wayam.

"Sun ce coge nake yi," ya ce. "Jiya da gangan na tura mayaƙana cikin kogi, suka fito suka ci gari. Wannan wane irin yaƙi ne?"

Ta gaya masa gaskiya. Ya dubi wayar kamar ya taka kashi, ya tofar da yawu.

"Wato yaron nan jariri ya mai da ni. Kira mini ɗan Ketun."

Adechina ya zo, ya rusuna, ya ɗauki Oyo a wasa na gaskiya. Karon farko ya yi wa Papa kaca-kaca, Huefa ta dafe kai. A na biyu Papa ya ɓoye mayaƙansa a kurmi, ya bari dawakan suka shigo, ya rufe su. Da ƙyar ya ci, rigarsa sharkaf da gumi.

"Bar mini ka yi?" ya tambaya yana harararsa.

"Papa, da na iya bar wa mutum, ai da tuni na auri 'yarka."

Tsohon ya yi dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba.

An yi bikin a Abome, abokan Papa duk sun dawo, Gildas ne kawai ba a gani ba. Papa ya ɗora hannu a kan su biyun.

"Allah ya sa kada ɗayanku ya fi ƙarfin ɗaya," ya ce. "Kai kuma ka riƙa wanke hannu."