Injinan Ban-Ruwan Honarabul Bilyaminu

Da hantsi Honarabul Bilyaminu ya zo ofishin 'yan sanda da kansa. An kwashe injinan ban-ruwa goma sha biyu na manoman albasa daga sito ɗinsa na Wurno, in ji shi, kuma ɓarawon maigadinsa ne, tsoho Iliyasu.

Sufeto Sahabi bai tsaya bincike ba. Wa zai ƙaryata malaminsa na firamaren Dinawa, wanda ya bar alli ya zama kansila, ya zama ɗan majalisar jiha har karo biyu? Ya garƙame tsohon a sel, za a kai shi kotu ranar Litinin.

Sai washegari ya leƙa siton. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, daɓe babu ko ɗigon baƙin mai. Ya koma sel wajen Iliyasu.

"Baba, yaushe ka ga injinan?"

"Yallaɓai, ni buhunan taki kaɗai na sani ciki."

Sufeto ya gane injinan ba su taɓa shiga siton ba. Ya nufi Dinawa wajen Inno, wata dattijuwa mai noman albasa da sunanta ke cikin waɗanda za a bai wa.

"Ai an ba mu," in ji ta. "Anka ɗauki hoto, anka yi tafi. Da la'asar sunka amshe, wai za a yi rajista. Wata ukku muna bin Honarabul, shuka na ƙonewa."

"Za ki gane naki?"

"Mi za shi hana? Abin da duk ya shigo gidana sai na yi mai shaida. Tsaga ukku ni yi ga robar mariƙi, irin na kunnen awakina. Motar da ta kwashe su ko hanyar Goronyo ta bi."

A fadamar Goronyo, gonar Honarabul ta yi kore shar, injina na ta ɓarin ruwa. Sufeto ya sa aka kira shi.

"Da kuɗina na saye su, Sahabi."

Sufeto ya juya mariƙin inji na huɗu. Tsaga uku. Ya kasa ɗaga ido, sai ka ce shi aka kama.

"Malam, don mi?"

Honarabul ya dubi ruwan. "Manoman sun matsa mini, ga zaɓe ya matso. Na ce in an ce sata ce, kowa shi haƙura. Tsoho ne, na san alƙali zai tausaya mai."

Wani kofur ya buɗe wa Honarabul bayan motar 'yan sanda, ya shiga yana rufe fuska da babbar riga.

Sufeto da hannunsa ya buɗe sel. Ya so tsohon ya zage shi, ko ya samu sauƙin kunyar da ta cika shi. Iliyasu ya laluba takalmansa.

"Na gode, Yallaɓai. Alfarma guda: ka biyo ni unguwa ka hwaɗa da bakinka ban yi sata ba. Ni in na hwaɗi, ba mai yarda."