Fihirisin da Renata Ta Manta

Ranar da Anselm ya fara aiki a ofishin adana takardun kotu na garinsu a jihar Wisconsin ta Amurka, Renata ce ta nuna masa wurin zamansa, kuma har suka rabu ba ta iya kallon idonsa ba.

Ita ke kula da rumbun bayanai. Ita ta haɗa shi da fihirisin bincike: ka rubuta suna, fihirisin ya ba da lambar layi, rumbun ya fito da shari'ar da ke layin.

Sai bayan wata uku ya turo mata saƙo: "Rena, in na ce mu ci abincin rana tare, za ki gudu?"

"Zan zo. Amma ba ni da surutu."

"Ni ina da na mutum biyu."

Da magana ta fara ƙarfi tsakaninsu, wata Laraba ta rubuta sunansa a fihirisin a ɓoye. Don gudun kada a gan ta, laifi da hukunci kawai ta nemi rumbun ya nuna. Abin da ya fito: tuƙi cikin maye, an kaɗe wata tsohuwa.

Ta faɗa wa mahaifiyarta tana kuka. Mahaifinta ya ji, ya ce, "Kada yaron nan ya sake tako min gida."

Kwana tara tana kauce masa. Ya rubuto: "Renata tawa, me na yi? Faɗa min ko da kalma ɗaya."

A rana ta goma wata lauya ta kira, wai ta nemi shari'ar gona, an fito mata da sakin aure. Nan take Renata ta tuna. Ita da kanta ta sauya lambobin layuka makonni biyu baya, ta manta ba ta sake gina fihirisin ba. Ta gyara, ta sake neman sunansa. Ashe shaida kawai Anselm ya taɓa bayarwa a rikicin shingen maƙwabta.

A wurin ajiye motoci ta tare shi, ta faɗa masa komai, idonta na kan takalminta.

Ya ce, "Da kin tambaye ni, Rena."

"Kunya na ji."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Kada ki shige tukuna. Saura babanki."

Ranar Juma'a, ana cin soyayyen kifi, ta zo da Anselm gida, ta maimaita bayanin a gaban iyayenta. Mahaifinta ya ajiye cokali.

"Digiri biyu gare ki, Renata, amma ki yi wannan kuskure." Ya juya ga Anselm, kunnuwansa sun yi ja. "Ni ma na yanke hukunci ban ji ta bakinka ba. Ka yafe min, ɗana. Miƙo farantinka."

A watan Yuni aka ɗaura auren a cocin unguwarsu. Mahaifinta ya haɗa hannayensu cikin nasa, ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya albarkaci gidanku." Suka amsa da amin tare.