Jinin Da Aka Kai Damagaram

"Iliyasu, tsaya! Audugar mece ce wannan a hannunka?"

Najaha ta tare shi a zaure, kwanon kunun da ta kawo wa mara lafiya yana hannunta. Iliyasu ƙanen Muntaka ne, saurayin da za ta aura bayan girbi, kuma shi Allah bai ba shi baiwar ƙarya ba, kafin bakinsa ya gama fuskarsa ta tona shi.

"Sauro ne..."

"Sauron da ke manna wa mutum filasta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya ce ta ce in je Damagaram awon jini a madadin Yaya. Ta ce ɗan jinin da ya rage masa in aka zuƙe, me zai saura? Uwa ɗaya uba ɗaya muke, nawa nasa ne. Na miƙa katinsa, na miƙa hannuna, ba wanda ya tambaya. Shi kuwa Yaya an ce masa jinin da aka ɗibar masa kwanaki ne aka kai."



Tun da Muntaka ya dawo daga cirani a Kano da ciwon daji a ƙoda, ita ke riƙe masa waya in lokotoro, wato likitansa na birnin Yamai, ya kira, don haka da kunnenta ta ji bayanin. Sabon maganin da za a sa masa ba ya taɓa ciwon da kansa, sojojin jiki yake tayarwa su yaƙe shi. Sai dai a jikin wasu in sun tashi ba sa gane nasu, sai su afka wa hanji ko zuciya. Akwai alamomi a jini da kan nuna wanda ke cikin haɗarin, shi ya sa aka ce a auna kafin a fara.

Ta faɗa ɗakin Hajiya Shekara, mahaifiyarsu, ta durƙusa.

"Hajiya, don Allah a sake awon nan. Jinin Iliyasu ba zai faɗi abin da ke jikin Yaya Muntaka ba..."

"Ni na haife su ko ke?"

Rashida, 'yar ƙanen Hajiya, wadda ta daɗe da kafa wa Muntaka ido, ta taɓe baki.

"Gwaggo, ba ki gane ba? So take a hana shi maganin ta huta da jinya. Ai an ce wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, na zarya ƙofar gidansu."

"Ƙarya kike, wallahi!"

"Ya isa!" Hajiya ta ɗaga hannu. "Wannan maganin kaɗai ya rage wa ɗana. Ranar da kika buɗe baki, ranar za a maido mini da lefena."

Sakamako ya fito tas, ba alamar komai. Gida ya ɗauki guɗa, aka raba sadakar waina. Najaha kuwa ta rasa inda za ta sa ranta. In ta yi magana ta tozarta uwarsa, ta rasa aurenta, wataƙila ta rufe masa ƙofar da ta rage. In ta yi shiru, maganin zai iya gamawa da shi kafin ciwon. Ta rame, har mahaifiyarta ta fara yi mata rubutun sha.

"Kin ga, abar ƙaunata?" in ji Muntaka, yana murmushin da ya fi ƙarfin fuskarsa. "Jinina ma ya san ina da amarya."

Ta juya ta share hawaye. Tana son sa, son da ya hana ta numfashi.

Ranar tafiya Yamai ta zo daidai da cin kasuwar Matameye, tasha ta cika maƙil. An ba Muntaka kujerar gaba, direba na ɗaure buhunan gero a sama. Najaha ta riƙe murfin motar.

"Yaya Muntaka... ba jininka aka auna ba."

"Najaha!" Hajiya ta daka mata tsawa.

"Na Iliyasu ne. Ka tambaye shi."

Muntaka ya dubi ƙanensa, ya dubi mahaifiyarsa, wadda ta ja mayafi ta rufe fuska. 

"Hajiya, na san don ni kika yi," ya ce a hankali. "Amma in na isa, hannuna zan miƙa musu."

Aka sake awo a Yamai, alamar ta fito ɓaro-ɓaro. Lokotoro ya ce shi ba ɗan duba ba ne, awo hasashe ne kawai, amma da irin wannan jinin ba zai sa masa maganin ba. Aka koma kan wani magani mai rauni.

Lefe bai koma ba, don Muntaka ya ce in ya koma shi ma ya daina shan komai. Aka ɗaura aure ba kiɗa. Hajiya ba ta amsa gaisuwar amarya, Rashida na yawo gida-gida tana cewa ita ta hana shi warkewa. Najaha ta shanye, ta yi jinyar mijinta, suka ga damina ɗaya tare, yana tsokanarta wai tuwonta ya fi ciwon wahalar haɗiya.

Ya rasu gero na fitar da kai.

Tana cikin takaba, wata rana da hantsi Hajiya ta shigo ta zauna kusa da ita a tabarma. Najaha ta kasa riƙe tambayar da ke cin ta.

"Hajiya... da na yi shiru fa? Wataƙila da yana nan..."

"Wataƙila."

Tsohuwar ta kama hannunta, ta riƙe gam.

"Wataƙila kuma da ni na kashe shi da hannuna. Ba wanda zai taɓa faɗa mana, 'yata. Ke kika ɗauki nauyin, ni kika bar ni ina iya yi masa addu'a ba tare da jininsa a wuyana ba."