Kwandon Sharar Alhaji Ziblim

Salamu alaikum jama'ata, 'yan Tamale da na wajen Tamale. Masu karatu a kan mashin, don Allah ku faka tukuna. Yau labarin soyayya na kawo muku, amma mai kunya. Na abokina ne, Shamsudeen na Sabonjida, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Aboabo. Ya ce kar in faɗa wa kowa. Na ce to.

Wata rana da hantsi yana cin waake, shinkafa da wake irin namu, a ƙofar shago, sai wata yarinya ta faka mashin, ta cire hular kwano, ta gyara mayafi. Cokali ya tsaya masa a hanya. Ta yi masa ina kwana da yarensu na Dagomba.

"Dasiba. Kai ne mai gyaran kwamfuta?"

"Naa. Ni ne injiniyan. Har daga Accra ana kirana."

Chale, wato abokina, gwaggonsa ce kaɗai ke kiransa daga Accra, ita ma don ta ji ko ya yi aure.

Sunanta Najat, 'yar Alhaji Ziblim mai fitar da man kaɗe ƙasashen waje. Ba ta daɗe da gama makaranta ba ta fara zama a ofishin babanta a Zogbeli. Alhaji ya tafi garin Wa sayen ƙwarar kaɗe, ya bar mata makulli.

"Imel ba ya shiga, ba ya fita," in ji ta. "Kullum sai kwamfuta ta ce rumbun saƙo ya cika. Kuma Baba ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai wani mutuminsa na Kumasi, shi kuma wayarsa a kashe. Ka zo a ɓoye, ka gyara, ka tafi."

Ya bi ta a baya da nasa mashin, waake ko rufewa bai yi ba.

Kwamfutar irin ta da ce, mai ƙaton ciki a ƙarƙashin tebur. Ya buɗe manhajar imel, ya ga fayil ɗin ajiya ya cika maƙil. Ya leƙa nan, ya leƙa can, sai ya ga kwandon shara, inda saƙon da aka goge ke taruwa, ya fi komai nauyi. Na shekara da shekaru, ba a taɓa zubarwa ba.

"Madam Sakatariya, ai shara ce ta cika muku gida."

Ta yi dariya. "Bari in kawo maka sobolo mai sanyi, Injiniya."

Nan ne fa. Duk wanda ya koyi aikin nan ya san ba a zubar da kwandon wani sai an tambaye shi. Shamsudeen ma ya sani. Amma so yake kafin ta dawo komai ya gyaru, ta kalle shi ta ce kai! Ya danna a zubar. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya ƙara da matse fayil ɗin don wuri ya samu. Najat na shigowa, saƙonni na zubowa kamar ruwan Agusta.

"Kai, Injiniya!" in ji ta.

Ya samu abin da yake so.

Daga ranar waya ta ɗau zafi.

"Madam Sakatariya, kwamfuta lafiya? Ni dai nawa rumbun ya cika da tunaninki, kuma ba na neman gyara."

"Bakinka ya fi sobolo zaƙi. Ka ci abinci?"

"Tun da na gan ki nake a ƙoshe."

"Ƙarya. Na gan ka wajen mai wagashi."

Kafin Alhaji ya dawo, Madam Sakatariya ta koma "Najatuna", shi kuma ya fara tambayar kawunsa yadda ake kai goron gaisuwa gidan Dagomba.

Sai Alhaji ya dawo daga Wa. Ya zauna, ya sa tabarau, ya buɗe kwandon shara. Wayam.

Jama'a, ku ji al'adar tsohon nan. Tun ranar da ya sayi kwamfuta ya gano akwai maɓalli ɗaya da in ka danna, saƙo zai tashi daga gabanka ya koma gefe guda. Shi ke nan ya mai da wurin ma'ajiyarsa. Tallace-tallace da shirme sai ya bar su a akwatin gaba. Amma takardun shaidar ingancin man kaɗe, yarjejeniya da masu saye, duk wani saƙo mai daraja, yana gama karantawa sai ya danna. Har yabon kansa yake, wai wane ɓarawo ne zai je bincike a shara?

Ihunsa har bakin titi. "Wa ya taɓa mini kwamfuta?"

Najat ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Ya karɓe makullin ya miƙa wa Abdul-Latif, ɗan ƙanwarsa, wanda dama ya daɗe yana zagaye Najat da turare mai hawa kai. Ya ce ta zauna gida tunda makaranta ba ta koya mata komai ba sai ɓarna. A gaban ma'aikata ya faɗa.

Da yamma saƙonta ya shigo wayar Shamsudeen: "Injiniya, ashe Baba a kwandon shara yake ajiyarsa. Komai ya tafi. Na ce ni ce. Kar ka damu."

Kar ka damu! Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya rubuta amsa, ya goge. Ya sake, ya goge. Washegari ya rufe shago ya gudu Dungu gidan yayarsa Zalia, ya kwanta a ɗaki ya ce zazzaɓi. In Najat ta kira sai ya kifa wayar, ya rufe fuska da matashi.

Abdul-Latif kuwa ya samu abin yi. Ya je ya ce wa Najat ai ya ga injiniyan nata a Dungu, wata mata na kai masa tuwo har ɗaki. Bai ce yayar Shamsudeen ce ba.

Saƙo na gaba gajere ne: "In ka samu wata a Dungu ka faɗa mini. Na sha zagi a gaban leburori saboda kai, ko sannu ba ka ce ba."

Zalia ce ta ga saƙon, don wayar na kan tabarma. Ta yaye masa zanin rufa.

"Zazzaɓin ƙarya! 'Yar mutane na can tana shan kunyarka, kai kana nan kana cinye mini tuwo? Tashi ka bar mini gida. Da Baba na da rai da mari zai kai ka Zogbeli."

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji na zaune da abokansa dattawa a inuwar dogon yaro, ƙofar ofis. Shamsudeen ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna, ya yi ina wuni da yaren Dagomba.

"Antire, Baba."

"Naa. Ɗan wa?"

"Sunana Shamsudeen. Baba, ba Najat ba ce. Ni na zubar da kwandon. Ban tambayi kowa ba. So nake in burge ta."

Wani dattijo ya cire goro daga baki. "Ka burge ta? Alhaji, ashe suruki ne ya zo gaisuwa!" Dattawa suka fashe da dariya. Shamsudeen ya ce mini a lokacin ji ya yi kunnuwansa na hayaƙi.

Alhaji bai yi dariya ba. "Ka share mini aikin shekaru, ka bar 'yata da zagi, kuma sonta kake? Za ka iya dawo da su?"

"Daga kwamfutar ba zai yiwu ba, Baba. Na matse fayil ɗin. Sai dai waɗanda suka aiko su sake aikowa."

"To kai za ka roƙe su. Da bakinka."

Haka aka yi. Kullum da safe Alhaji zai zauna da wayarsa, ya kira mutum, ya buɗe sifika, ya miƙa wa Shamsudeen. Kuma dole ya fara da, "Sunana Shamsudeen, ni ne wanda ya zubar da kwandon Alhaji." Wata Baturiya mai sayen man kaɗe ta yi dariya har tari. Wata Hajiya a Tema ta wanke shi tas da yaren Twi. Matan da ke kirɓa kaɗe a wurin Alhaji suka sa masa suna Mai Shara, har yau bai fita ba.

Takardu suka fara dawowa. Shamsudeen ya buɗe sabon rumbu, ya raba shi shekara-shekara, ya kwafa a wani faifai na waje. Alhaji da kansa ya aika aka kira Najat, ya ajiye mata makulli a tebur, ya ce, "Na zage ki a kan abin da ba ki yi ba." Abdul-Latif ya kwashe turarensa ya koma.

Ita kuwa ta ƙi kallon Shamsudeen. Ya tura mata: "Najatuna, matar Dungu yayata ce Zalia. Ba wata na samu ba, fuskar da zan kalle ki da ita ce na rasa. Ki yafe mini."

Sai da ta ja masa rai sannan ta amsa: "Na yafe rabi. Sauran sai na ga Zaliyar."

Wata safiya Shamsudeen ya ce wa Alhaji, "Baba, saura wa za mu kira?"

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. "Saura Abdul-Rahaman na Walewale. Tare muka fara sana'ar nan. Da ya koyi imel kullum sai ya rubuto mini, ko ba komai, ya tsokane ni. Ya rasu bara. In na gaji, nasa nake buɗewa in karanta." Ya cire tabarau. "Wannan ba shi da lamba yanzu."

Duk dariyar da aka yi wa Shamsudeen ba ta kai wannan ciwo ba.

Washegari bai gaya wa kowa ba ya hau mota sai Walewale, ko kwafin saƙonnin na nan a kwamfutar marigayin. Matarsa ta ce an sayar tun bayan arba'in. Amma da ta ji labarin ta shiga ɗaki ta fito da tsohon hoto: samari biyu ramammu a gaban wata akwalar mota cike da buhunan kaɗe, ɗaya ya ɗora wa ɗaya hula a karkace.

Ya dawo ya tsuguna. "Baba, ban samo ba. Ba za su dawo ba. Wannan kawai aka ba ni."

Alhaji ya riƙe hoton, ya kalla, ya kalla. Sannan ya ce, "Hular nan tawa ce, bai taɓa mayar mini ba." Ya share ido da gefen rawani. "Ka ci abinci?"

"A'a, Baba."

"Najat! Kawo wa Mai Shara tuwo." Ya juyo. "Ka turo manyanka. Amma ko rimot ɗin talabijin ka taɓa a gidana, na fasa."

An ɗaura aure bayan babbar Sallah. Makaɗa suka cika Zogbeli, Zalia ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi, amarya ta sha lalle ta fito kamar a sace. Da aka kai ta Sabonjida ya ce mata, "Saura rabin yafiyata fa?" Ta ce, "Ka riƙe ni da kyau, kana samu kaɗan-kaɗan." Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ji ƙan Abdul-Rahaman.

To jama'a, ku faɗa mini tsakaninku da Allah. Yarinya ta riga ta rufa maka asiri, ba wanda ya san kai ne. Za ka cire takalmi ka je gaban dattawan nan, ko har yanzu kana Dungu kana zazzaɓi?