Tsohuwar Gonar Inabi

Mu'azzam direba ne a Riyadh. Da kakar bana kafil ɗinsa, wato maigidan da yake yi wa aiki, ya tafi da shi hutu wani ƙauye a gaɓar Bahar Rum, inda gonakin inabi suka gangaro har bakin ruwa, mutanen garin suna matse 'ya'yan su yi giya.

Ran nan magariba ta riske shi bayan ya sauke iyalin maigidan a masauki, sai ya ratsa cikin wata gona neman inda zai yi salla. Ganyayen sun yi jajawur, ƙasa a jiƙe, ko'ina tsamin inabin da ya zube. Yana cikin tafiya ƙugin teku ya ɗauke ɗif.

Can ya hangi wata tsohuwa a duƙe tana tsinkar inabi, ta ba shi baya.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," ta ce da Hausa tsantsa.

Tana gabansa, amma muryar daga ƙeyarsa ta fito.

Ya daure ya ce, "Iya, daga Najeriya kike?"

"Ba can na san ka ba. Tagar ɗakinka na unguwar Al-Oud a Riyadh, wace katanga take kallo?"

Ya so ya juya da gudu, ƙafafunsa suka ƙi ɗaguwa. Da ƙyar ya ce, "Ta maƙabarta."

Tsohuwar ta daina tsinka, ta fara miƙewa a hankali.

"To, ai maƙwabta muke."