Makamin da Ya San Hanyar Maƙabarta

Mutanena, barkanku da hutawa. Ku gyara zama, yau na zo muku da makami mai linzamin da ke tafiya da sanda.

A sansanin gwajin makamai na bayan garinmu, kusa da tafkin Balkash, kowane makami ana liƙa masa 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Ita ke sauraron taurarin ɗan'adam, ta gaya wa injiniyoyi inda makamin ya kai. Ranar gwaji sai ga ɗigo biyu a allo: ɗaya na keta sama, ɗaya na jan ƙafa a ƙauye, ya nufi maƙabarta. Aka leƙa sito, na'ura ɗaya ta yi ƙafa.

Aka kira Sufeto Tolegen.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Darkan, ƙaramin injiniya. "Ina jin kwamfutar ce ta ruɗe."

"Ta ruɗe har ta san hanyar maƙabarta?"

Sufeto ya tafi gidan Darkan. Matar Darkan, Jansaya, ta zuba masa shayi fal, har yana zuba. Mu kuwa baƙon da ake so rabin kofi ake ba shi, don ya daɗe ana ƙara masa. Cikakke, sallama ce.

"Ƙanwata, korata kike yi?"

"Hannuna ne ya zame, Yaya."

"Ina surukinki?"

"Barci yake."

Ba ta rufe baki ba sai ga tsoho Sabir, mahaifin Darkan, ya turo ƙofa, ƙanƙara a takalmi, sabuwar laya ƙatuwa a wuya. Daga kabarin matarsa yake. Tsufa ya kwashe masa sunaye da hanyoyi, wannan hanyar kaɗai ya bar masa.

"Baba, wa ya ba ka layar nan?"

"Ɗana. Ya ce muddin tana wuyana, sama na kallona."

Da aka kawo Darkan bai yi gardama ba.

"Bara ya ɓace a ƙanƙara, sai da aka yanke masa yatsun ƙafa. Ni kullum ina gano ƙarfen da ke gudu a sama, amma ubana a ƙasa ya gagare ni."

Sufeto ya farke layar, ya zare na'urar, ya mayar wa tsoho fatar. Ankwa kuwa a aljihu ya bar ta.

"Mu je, ɓarawon kirki. Baba, kafin ya dawo, ni zan riƙa raka ka maƙabarta da safe."

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan sanda."

"To ka zo da wuri, ba ta son jira."

Jansaya ta share hawaye, ta juye shayin, ta sake zuba wa Sufeto. Rabin kofi.

To mutanena, da ku ne da makullin siton nan, ya za ku yi?